An tsare maigidana, na kai masa ziyara an dawo da ni da abincina

Assalamu alaikum. Mako uku ke nan da kotu ta tura maigidana gidan gyaran hali a nan Kano, a kan rigimar kuɗin kaya tsakaninsa da abokin kasuwancinsa, wai cin amana. Ba a yanke masa hukunci ba. Na je sau ɗaya bayan la'asar da kular tuwo, da manja a kwalba, da madarar gwangwani, da maganinsa na hawan jini, aka ce lokaci ya wuce, kuma ko da bai wuce ba ban zo da katin shaida ba. Wani mutum a waje ya ce in ba shi dubu talatin zai shigar da ni, har ya sa a yi belinsa. Mahaifiyarsa tsohuwa ce, kullum kuka take yi sai ta je ta gan shi. Yaranmu uku na ce musu ya yi tafiya. Ban san ta inda zan fara ba.

Daga wata baiwar Allah, Kano

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya kawo mafita, Ya fito da shi cikin mutunci.

Mu fara da mutumin nan na waje, don shi ne ya fi gaggawa: kada ki ba shi ko sisi. Ziyara ba ta kuɗi ba ce, beli kuma ba a gidan yari ake bayar da shi ba. Kotun da ta sa hannu a takardar tsarewa, ko wadda take sama da ita, ita ce za ta sa hannu a takardar saki, kuma sai ma'aikacin kotu ya kai ta an duba an tabbatar kafin a buɗe ƙofa. Shugaban gidan da kansa ba shi da ikon sakin mijinki ba tare da wannan takardar ba, balle wanda yake tsaye a gindin bishiya. Irin waɗannan mutanen suna gane sabon zuwa tun daga nesa, mace ita kaɗai da kula a hannu tana waige-waige, kuma wanda ya karɓi dubu talatin yau zai dawo jibi ya ce alƙali ya raina.

Kafin ki sake ɗora tukunya, ki tabbatar yana nan inda kika sani. A cikin birnin Kano akwai Kurmawa da Goron Dutse, ga kuma sabon gidan Janguza a hanyar Gwarzo, kuma akan ɗauke mutum daga wannan a mai da shi wancan saboda cunkoso ba tare da iyalinsa sun ji ba. Wani namiji daga danginsa, ƙaninsa ko wansa, ya je ƙofa hannu rabbana ya yi tambaya huɗu: yana nan ko an mai da shi wani wuri, waɗanne ranaku ne na ziyarar masu jiran shari'a, ƙarfe nawa ake fara rubuta suna kuma ƙarfe nawa ake rufewa, me da me ake karɓa. Ranaku da sa'o'i sun bambanta daga gida zuwa gida, kuma sukan canja idan an samu matsalar tsaro, saboda haka maganar jami'in ƙofa ita ce abin dogaro, ba ta maƙwabciyar da ta kai ziyara shekara biyu da suka wuce ba. Abin da ya kusa zama ɗaya a ko'ina shi ne ziyara aikin hantsi ce zuwa bayan azahar. Da yamma ana ƙirga mutane ana kulle ɗakuna, shi ya sa aka dawo da ke. Ki kuma san ranar da za a kai shi kotu, don kada ki je ki sha layi a ce miki ya fita tun safe. Abu ɗaya da yake a hannunki: mai jiran shari'a ya fi wanda aka riga aka ɗaure samun damar ziyara da ta karɓar abincin gida, domin a idon doka ba mai laifi ba ne tukuna.

Ranar zuwa, ki riƙe katin shaida mai hotonki, na ɗan ƙasa ko takardar NIN, ko katin zaɓe, ko fasfo. Duk babban da zai shiga sai da nasa. Ki rubuta a takarda cikakken sunan mijinki kamar yadda yake a takardar kotu, da sunan kotun, da ranar da aka kawo shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mutum yana iya zama Babangida ko Ɗanlami a gida da kasuwa, a littafin gidan yari kuwa sunan yanka da na mahaifi aka rubuta, kuma masu suna iri ɗaya suna da yawa. Mai kiran suna zai shiga ya yi ta ƙwala kira, ya dawo ya ce babu shi, alhali yana zaune a ciki.

Waya ba ta shiga. Ko dai ki bar ta a gida, ko ki bar ta a hannun wanda zai jira ki a waje, ko ki ajiye inda jami'ai suke karɓa su ba da lamba. Ki zazzage jakarki tun a gida ki fitar da tsohon layin waya, da katin ajiyar hotuna, da caja, da reza, da allura, da abin yanke farce, da kowane irin ƙwayar magani. Gara ma kada ki ɗauki jaka, ki saka kayan a leda mai nuna abin da ke ciki. Za a caje ki, mace ce za ta yi, kuma kina da haƙƙin cewa a kira mace idan babu ita a wurin. Hijabi ba matsala ba ne, amma mai niƙabi za ta ɗaga a haɗa fuskarta da hoton kati. Idan an ba ku ɗan kati ko an buga wa wanda ya rako ki hatimi a hannu, ya kula da shi sosai, domin da shi ake bambance baƙo da ɗan gida, wato wanda ake tsare da shi, a wajen fita. Abu na ƙarshe a nan, kuma da babbar murya: kada ki karɓi saƙon kowa a layi. Wata za ta ce don Allah ki haɗa wannan ƙullin da naki, ɗana ne a ciki. Idan aka farke aka samu wiwi ko ƙwaya, ke aka kama da shi, kuma shigar da haramtaccen abu gidan yari laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa.

Sai abinci, wanda shi ne ya fi wahalar da mata. Dokar ƙofa mai sauƙi ce idan an gane dalilinta: duk abin da za a iya yanka ko soka da shi, da duk abin da ba za a iya ganin cikinsa ba, ba ya wucewa. Kwalbar manjanki gilashi ce, idan ta fashe ta zama makami. Gwangwanin madara murfinsa wuƙa ne, kuma ba a ganin cikinsa. Cokalin ƙarfe ana wasa shi a siminti. Ki juye mai a gorar roba, ki sayi madarar gari ta leda, ki sa cokalin roba, ki zuba abinci a robar da take da murfi maimakon kular ƙarfe. Za a sa ki ɗanɗana duk abin da kika dafa a gaban jami'i, za a juya miya har ƙasa, a tsaga malmalar tuwo, a yanka burodi, a huda sabulu. Ba wulaƙanci ba ne, kowa haka ake yi masa. Ki sauƙaƙa wa kanki: tuwo ƙananan malmala, nama a yanka ƙanana a cire manyan ƙasusuwa.

A ganinmu ma tuwo da miya ba shi ne abincin ziyara ba. Za ki iya shafe awa biyu ko uku a rana kafin a kira ki, an buɗe abincin an juya shi, ga zafi, kafin magariba miya ta fara tsami. Shinkafa da wake da mai da yaji, ko dambu, ko wainar da aka ware miyarta, sun fi jure jira. Ki dafa na mutum uku ko huɗu, domin ba shi kaɗai zai ci ba. Ɗaki ne na mutane da yawa, akwai waɗanda ba a taɓa zuwa wajensu ba, kuma mutumin da yake miƙa loma yana samun sauƙin zama da wurin kwanciya fiye da mai juya baya ya ci shi kaɗai. Amma abin da zai riƙe shi har ki dawo shi ne busasshen abinci: garin kwaki kamar kwano ɗaya, ƙuli-ƙuli, sukari, gyaɗa soyayya, dabino, yaji mai daɗi, dambun nama idan da hali, da miyar da aka soya ta ƙafe sai mai. Abincin gidan ana ba shi, sai dai kuɗin da gwamnati take warewa kowane mutum a rana naira 750 ne kafin a ɗaga shi zuwa 1,125 a 2024, kin kuwa san abin da wannan zai saya a kasuwar yau. Yaji da mai su ne suke sa abincin ya shiga. Kada ki kai buhu guda don tausayi. Ba shi da wurin ajiya, zai jawo masa ido, kuma a kwana uku za a cinye abin da kika yi nufin ya kai wata. Kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi. Tun da yana da hawan jini, ki rage gishiri da dunƙule a yajin da miyar.

Kayan tsafta sun kusa fin abinci muhimmanci, kuma su ake mantawa. Sabulun wanka biyu, na wanki, garin wanki, man shafawa, buroshi da man goge baki, silifas na roba, ƙaramin tawul, kaya kala biyu marasa nauyi da ba su yi kama da kakin jami'ai ba, ba bel, ba doguwar igiya. Idan sanyi ya shigo, rigar sanyi da bargo. Inda mutane suka yi yawa a ɗaki ɗaya ba a rasa ƙazwa da kuɗin cizo da ƙwarƙwata. Ki dubi tsakanin yatsunsa da wuyan hannunsa idan kun haɗu, ki tambaye shi ko yana susa da dare. Ki kuma saurari tarinsa. Tarin da ya wuce mako biyu, da zufar dare, da rama, a nemi a gwada shi tarin fuka ba tare da jinkiri ba. Gwajin da maganin kyauta ne a Najeriya, kuma ana shan maganin wata shida ba fashi.

Maganin hawan jininsa kuwa shi ne dalilin da ya sa ba ma so ki wuce wannan makon ba ki koma ba. Mako uku mai hawan jini ba ya shan magani, ga tashin hankali, ga rashin barci, hatsari ne na gaske. Magani ba a miƙa shi hannu da hannu. Ki kai shi a cikin kwalinsa na asali da sunansa a jiki, tare da katin asibiti ko takardar likita, ki ce a haɗa ki da ma'aikacin lafiya na gidan. Shi zai karɓa ya rubuta, ya san yadda za a riƙa ba shi. Ƙwayoyin da aka ɓare aka ƙulle a leda ba za su wuce ba, don ba mai iya rantsuwa cewa ba taramol ba ne. Ki roƙa a auna jininsa a ranar, ki kai na wata guda, ki rubuta ranar da zai ƙare.

Kuɗi ma akwai hanyarsu. Ki tambayi jami'in walwala ko ofishin rajista yadda ake ajiye wa mutum kuɗi da sunansa, a rubuta a gabanki. Kada ki naɗe su a cikin tuwo. Idan kuma aka kira ki da baƙuwar lamba cikin dare aka ce mijinki ba shi da lafiya, ki tura kuɗi wannan asusun yanzu-yanzu, kada ki tura. Da safe a je a gani da ido. Jami'in walwalar nan ki san shi, ki san sunansa, domin aikinsa ke nan haɗa ɗan gida da iyalinsa da lauyansa. Idan wani ya matsa miki sai kin ba da wani abu kafin ki shiga, ki nemi ganinsa ko ganin shugaban gidan cikin ladabi, ba da hayaniya ba. Mijinki ne zai kwana a wurin bayan kin tafi.

Yanzu ga abin da ya fi duk waɗannan. Ganawar gajeriya ce, mintuna ne, a tsaye ko a kan benci, da gandiroba a kusa yana ji, da wasu iyalan suna tasu maganar a gefe. Mata da yawa suna ƙarar da ita a kuka, su fito ba su san ko ranar komawa kotu ba. Ki yi kukanki a gida. Ki shiga da tambayoyinki a rubuce: wace kotu ce, ta majistare ko ta shari'ar Musulunci, mene ne lambar ƙarar, me aka karanta masa, ya amsa ko ya musa, an nemi beli, idan an bayar mene ne sharuɗɗan, yaushe za a koma, an kai shi zaman da ya wuce ko ba a kai shi ba, ina takardun cinikin suke, wa ya shaida lokacin da aka ba da kayan. Bayanin abin da ya faru tsakaninsa da abokin nasa dalla-dalla kuwa a bar wa lauya, wanda yake da damar ganawa da shi ba tare da an saurara ba. Kusan biyu cikin uku na mutanen da suke gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke yi, kuma da yawansu ba girman laifi ne ya zaunar da su ba, rashin mai bibiyar fayil ne. Wanda ake ganin danginsa a kotu duk ranar zama, ba a cika mantawa da shi ba.

Daga abin da kika faɗa, tuhumar tasa irin wadda ake bayar da beli ce. Sau da yawa ma an riga an bayar, sharaɗin ne ya gagara, misali a ce sai ma'aikacin gwamnati mai wani mataki ko mai takardar gida. A je wajen magatakardar kotun a ji ainihin abin da alƙali ya rubuta. Idan sharaɗin ya fi ƙarfinku, lauya yana iya neman a sassauta, ko ya kai buƙatar babbar kotu. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta faɗa ƙarara cewa ba a hana mutum tsaya wa wani don kawai mace ce, ta kuma hana kama mutum a kan abin da bai wuce bashi ko saɓa yarjejeniya ba. Kano ta yi irin tata dokar a 2019. Saboda haka lauya ya duba da kyau ko rigimar ciniki ce aka sa mata rigar laifi. Idan kuwa akwai kuɗin mutane a kansa da gaske, manya su shiga a yi sulhu, amma a kai sulhun gaban kotu a rubuta, duk abin da aka biya a karɓi shaida. An sha biyan mai ƙara a zaure, ya karɓe ya yi shiru, shari'a tana nan daram. Idan ba ku da kuɗin lauya, Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi ta ƙasa, wato Legal Aid Council, tana da ofishi a kowace jiha kuma aikinta kyauta ne ga marasa ƙarfi. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasa su ma suna Kano. Ki je musu da lambar ƙara da sunan kotu, ba da labari kaɗai ba.

Maganar Hajiya mahaifiyarsa: kada ta bi ki wannan zuwan. Ki fara zuwa ki ga tsawon layi, ki ga ko akwai wurin zama, ki ga yadda shi kansa ya koma, domin ganin farko shi ne mai dukan zuciya. Ki dawo ki ba ta labari da gaskiya, ki kawo mata saƙonsa. Zuwa na biyu, ki gaya wa jami'in walwala tun da wuri cewa za ki zo da tsohuwa, ku zo da sassafe, ta ci abinci ta sha maganinta, a riƙo mata ruwa. Hana ta gaba ɗaya ba daidai ba ne. Abin da take sawwalawa a ranta ya fi abin da za ta gani muni, shi ma kuma yana buƙatar ya ji daga bakinta cewa ba ta yi fushi da shi ba.

Yara kuwa, maganar tafiya ba za ta daɗe ba, 'ya'yan maƙwabta za su fasa ta a makarantar allo ko a bakin famfo, kuma jin ta a can ya fi ciwo. Wanda ya kai shekara bakwai ko takwas ki zaunar da shi ki ce Baba ya samu saɓani da wani a kan kuɗi, hukuma ta riƙe shi har alƙali ya duba, yana nan lafiya, yana gaishe su. Kada ki sa ranar dawowa, don idan ta wuce ke za su daina yarda da ke. Kai su wajensa sai kin tambayi abu biyu, ko gidan yana barin yara su shiga, da ko shi yana so su gan shi a haka. Maza da yawa ba sa so, kuma a girmama wannan. Su rubuta masa 'yar wasiƙa, jami'i zai karanta kafin ya ba shi.

Shi ma idan kin shiga kada ki sauke masa duk kayan gida a ka. Kuɗin haya da na makaranta, idan ba abin da zai iya yi a kai daga inda yake, ki kai su wajen 'yan'uwansa. Amma kada ki ɓoye masa abin da shawararsa ce, kamar sayar da wata kadara don biyan mai ƙara. Kafin gandiroba ya ce lokaci ya yi, ki gaya masa ranar da za ki dawo, ki zaɓi wadda kika tabbata za ki iya cikawa ko da sau ɗaya ce a mako biyu, ki tambaye shi abin da zai fi so ki riƙo masa.